Na'urar da ke Ƙirga Haske

Lacca a kan kyamarar hangen taurari, wadda aka gabatar a Gumel ga malamai da ɗaliban kimiyya na masarautar

 

   

An ce in yi bayani a kan kyamarar da ake ɗaura wa na'urar hangen nesa don ɗaukar hoton abin da ke sararin samaniya. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan manomin gero da riɗi da wannan? To, da ruwansa, ga kuma dalili.

Kowace shekara, ran 29 ga Sha'aban da ran 29 ga Ramadan, mutanenmu kan fita bayan gari da faɗuwar rana su zuba wa yamma ido. Wanda ya ga wata ya kai labari wajen dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fadar Mai Martaba Sarki, daga nan a sanar da fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, inda ake tantancewa kafin a yi shela. Haka muka taso muka tarar. Amma a 'yan shekarun nan an yi baƙo. Tun kafin la'asar sai ka ga hoto yana yawo a WhatsApp: fili toka-toka, da wani siririn layi mai lanƙwasa a tsakiya, an rubuta a ƙasa cewa jinjirin wata ne aka ɗauka da rana tsaka a Abu Dabi. Kafin magariba majalisa ta rabu biyu. Waɗansu su ce ƙaryar kwamfuta ce, waɗansu su ce gani ya kori ji, gobe azumi. A ganina kowane ɓangare ya yi gaggawa, kuma dalilinsu ɗaya: sun ɗauka kyamara ido ce. Alhali kyamarar nan ƙirge take yi. Duk laccar yau a kan wannan ƙirgen za ta tsaya.

Iyakar ido

A shekarar 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake isar da ƙarfinsa, kuma idan ƙwaya ta faɗa kan waɗansu sinadarai takan fisge ɗan ƙanƙanin lantarkin da ake kira ilektaron daga mazauninsa. Wannan bayani ne ya jawo masa kyautar Nobel ta 1921. Da rana ƙwayoyin nan ba su ƙirguwa saboda yawa. Amma daga tauraro mai nisa ɗai-ɗai suke isowa, don haka duk mai son ganinsa sai ya yi tattalinsu.

Ɗan baƙin da ke tsakiyar ido, ƙofar da haske ke shiga, in ya buɗe iyakar buɗewarsa a duhu bai wuce milimita 7 ba. Wannan ma ga matashi ke nan. Mu da furfura ta fara yi wa sallama namu bai kai haka ba. Babban aikin na'urar hangen nesa shi ne faɗaɗa wannan ƙofar. Mutane sun fi sanin ta da jawo abu kusa, amma masana sun fi damuwa da faɗin bakinta. Na'ura mai madubi na santimita 20, irin wadda makaranta za ta iya mallaka, tana tattara haske fiye da ninki 800 na abin da ido ke tattarawa.

Sai dai ko an tattaro hasken, in ido aka miƙa wa, an yi asarar mafi yawansa, domin ido ba ya ajiya. Abin da ya shigo a cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa shi yake kai wa ƙwaƙwalwa, ya share, ya sake sabon lale. Ko ka kwana kana kallon wuri ɗaya, tauraron da ya gagari idonka da isha'i ba zai bayyana maka da asuba ba.

Maganin farko da aka samu shi ne faranti mai shafen sinadari. A 1840 John William Draper ya ɗauki hoton wata a New York, kuma daga ƙarshen wancan ƙarni har wajajen 1980 da farantai aka yi yawancin aikin ilmin taurari. Faranti yana ajiya, ana iya barinsa awa da awanni yana shan haske. Aibinsa shi ne ɓarna: a cikin ƙwayoyin haske 100 da suka faɗa kansa, da ƙyar yake riƙe ɗaya ko biyu. Kuma ba a iya dogara da shi wajen awo, domin in haske ya ninka biyu, baƙin da yake yi a farantin ba lallai ya ninka biyu ba.

Ƙore a cikin ruwan sama

A watan Oktoba na 1969, a ɗakin binciken Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, Willard Boyle da George Smith suka zana wata na'ura a kan allo. Ba hoto ne a gabansu ba, hanyar ajiye bayanai a kwamfuta suke nema. Ba a jima ba aka gane cewa abin da suka ƙirƙiro ya fi dacewa da kama haske. Shi ne sisidi, wanda za ku gani a littattafanku da haruffa uku, CCD. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamara da shi, mai gurbi 100 a tsaye 100 a kwance, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne kuma aka fara ɗaura shi a na'urar hangen nesa a Arizona, aka ɗauki hoton duniyar Yuranus. Boyle da Smith sai a 2009 suka karɓi tasu kyautar Nobel, bayan shekara arba'in.

Sisidi ɗan siririn falle ne na silikon. Silikon kuwa daga dutsen da ke zama yashi ake tace shi, kun ga ke nan mu mutanen jigawa ba mu rasa ɗanyen kaya ba, tacewar ce aiki. An rarraba fuskar fallen zuwa ƙananan gurabe, layi-layi, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba. Su ne fiksel ɗin da mai sayar da waya ke yi muku talla da su. In ƙwayar haske ta faɗa cikin gurbi, sai ta saki ilektaron ɗaya, wutar da aka ɗana a gurbin kuma ta riƙe shi ta hana shi fita. Sisidi mai kyau yana kama ƙwaya 90 cikin 100. Ku gwada da ɗaya ko biyun faranti. Wannan ya sa ƙaramar na'ura mai sisidi ta riƙa yin aikin da a da sai babba, ba tare da an ƙara ko santimita ɗaya a madubinta ba.

Masana sun saba misalta shi da bokitai a cikin ruwan sama; bari in mai da shi namu. A ce an jera ƙore a gona, sahu-sahu, daga wannan iyaka zuwa waccan. Ruwa ya sauko, wani gefen gonar ya sha da yawa, wani yayyafi kawai ya samu. Ruwa ya ɗauke, ana son a san abin da kowace ƙwarya ta tara, amma ma'auni ɗaya ne tak, yana can kusurwar gona. Sai sahun bakin iyaka ya fara: ƙwaryar da ke kusa da ma'auni ta juye nata a auna a rubuta, ta bayanta ta juye a cikinta, ta bayan wannan ita ma ta matso da nata, har sahun ya ƙare. Daga nan kowane sahu ya juye nasa a sahun da ke gabansa, a sake aunawa. Haka har ƙwaryar ƙarshe. In an gama, mai rubutu bai shiga gona ba, amma takardarsa ta nuna masa inda ruwa ya yi yawa da inda ya yi kaɗan. Wannan takardar lambobin ita ce hoton. Inda lamba ta yi girma kwamfuta ta sa fari, inda ta yi ƙanƙanta ta sa baƙi.

Mai hankali zai ce, juye-juyen nan ba ya zubar da ruwa? Tambayar ke nan da ta sha kan injiniyoyi shekaru. Lantarkin gurbin da ke can ƙurya yana iya yin ƙaura sau 4,000 kafin ya iso ma'auni. Da a kowace ƙaura ana barin ɗaya cikin 1,000 a baya, abin da zai iso bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Sai da aka gyara aikin har abin da ake bari ya koma ɗaya cikin 100,000 ko ƙasa da haka, inda kashi 96 ke isowa lafiya. Ma'aunin kuma yana mai da lantarkin lamba, galibi daga sifiri zuwa 65,535. Idon mutum ba ya iya bambance matakan haske masu yawa haka a lokaci ɗaya, ko kusa. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi in mun zo kan wata.

Kyamarar wayar da ke aljihunku ƙanwar sisidi ce, ana kiranta simos. Eric Fossum da abokan aikinsa ne suka inganta ta a farkon shekarun 1990 a wani ɗakin binciken hukumar NASA da ke Kalifoniya. Bambancinta shi ne kowane gurbi yana da ɗan ma'auninsa, ba sai an yi doguwar ƙaura ba. Ta fi sauri, ta fi arha, ba ta cin batir sosai. Da farko masana taurari sun raina ta, amma kasuwar waya ta zuba mata kuɗin bincike har ta kamo yayarta. Yau kusan duk kyamarar taurari da ɗan koyo zai saya simos ce. Manyan cibiyoyi ne suka fi riƙe sisidi.

Abu ɗaya da zai ba ku mamaki: ko sisidi ko simos, babu wanda ya san launi. Gurbi ilektaron yake tarawa, ba ruwansa da ko jan haske ne ya sake shi ko shuɗi. A waya, an lulluɓe kowane gurbi huɗu da ƙananan matatai, biyu kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976, sai kwamfutar wayar ta cike sauran da ƙiyasi. Masana ba su son ƙiyasi. Sukan bar fallen tsirara, su ɗauki hoto ta jan mataci, su sake ta kore, su sake ta shuɗi, ko ta matacin da ba ya barin komai ya wuce sai hasken iskar haidurojin. Daga baya a haɗa. Saboda haka launukan da kuke gani a hotunan na'urorin hangen nesa na Hubble da James Webb mutum ne ya zaɓi yadda za a jera su bisa ƙa'ida, musamman na Webb, wanda ke aiki da hasken infared da ido ba ya gani sam.

Zafi, ƙura da tsaftace hoto

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar mai son yin wannan aiki a ƙasarmu. Ba haske kaɗai ke sakin ilektaron a silikon ba, zafi ma yana yi. Ko ka rufe bakin kyamara ruf, gurabe suna tara lantarkin ƙarya, kuma ma'auni ba ya iya bambance shi da na tauraro. Wannan lantarkin ƙarya yana ninkuwa biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da kamar digiri 6 ko 7. A Gumel, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, dare ma ba ya sauka yadda ake so. Kyamarar da ta yi aiki tsaf a daren hunturu, a daren bazara hotonta cike zai fito da ɗige-ɗige.

Shi ya sa kyamarar taurari ke zuwa da abin sanyaya ta. A ƙananan, wani ɗan faranti ne wanda in an ba shi wuta gefe ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya yi zafi, fanka ta kwashe zafin. Yana iya sauke fallen da digiri 30 zuwa 35 ƙasa da iskar waje, abin da ke rage lantarkin ƙarya ninki 30 ko fiye, kuma batirin sola mai bolt 12 ya ishe shi. Manyan cibiyoyi kuwa har digiri 100 ƙasa da sifiri suke kai nasu.

Duk da haka ɗanyen hoto ba ya kalluwa. Sai an yi masa wanki uku. Na farko, a ɗauki hoto kyamara a rufe, cikin ƙiftawar ido, don a san lambar da ma'auni ke bayarwa ko babu komai. Na biyu, a sake ɗauka a rufe, amma tsawon lokaci da sanyi daidai da na ainihin hoton, don a san lantarkin ƙaryar da kowane gurbi ke tarawa. Waɗannan biyun ɗebe su ake yi. Na uku, a ɗauki hoton wuri mai haske bai-ɗaya, kamar sararin sama jim kaɗan bayan faɗuwar rana. Duk inda wannan hoton ya nuna duhu, to ba daga sama ba ne: ko gurbin rago ne, ko gefen gilashi ne ke rage haske, ko ƙura ce ta zauna. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan gilashin kyamara takan fito kamar zobe mai duhu. Da wannan hoton ake raba ainihin hoton, sai zobban su ɓace. A wurin da iskar hunturu ke shigar da ƙura har cikin akwatin da aka kulle, wanda ya yi sakaci da wanki na uku ya yi aikin banza.

Akwai kuma gurɓatar da ba ta wankuwa, domin a jikin hasken take. Ƙwayoyin haske ba sa zuwa a jere kamar sojoji. In gurbi yana samun 100 a daƙiƙa, wani lokaci 92 za su zo, wani lokaci 109. Lissafi ya nuna cewa tangal-tangal ɗin nan yana kai kimanin tushen murabba'in adadin da aka tara. In ka tara 100, kuskurenka 10 ne, wato kashi 10 cikin 100. In ka tara 10,000, kuskuren 100 ne, kashi 1 cikin 100. In ka tara miliyan, kuskuren 1,000 ne, ɗaya cikin dubu. Ɗaliban lissafi, wannan shi ne zuciyar sana'ar gaba ɗaya. Don ka ninka ingancin hoto goma, sai ka ninka haske ɗari. Ana yin haka ne ta ɗaukar hotuna da yawa na wuri ɗaya, kwamfuta ta ɗora su kan juna ta haɗa lambobinsu. A Disamba 1995 na'urar Hubble ta kwana goma tana kallon wani ɗan fili da ake ganin kamar babu komai a cikinsa, ta ɗauki hoto 342. Da aka haɗa, sai ga gungun taurari kusan 3,000.

Manyan kyamarori ba sai na daɗe a kansu ba. Mafi girma a yau tana cibiyar Vera Rubin a kan dutsen Cerro Pachón na ƙasar Chile: sisidi 189 aka jera wuri ɗaya, gurbi miliyan 3,200, nauyinta kusan tan 3, kuma a Yuni 2025 aka fitar da hotunanta na farko. Mu ma Najeriya mun taɓa mallakar irin wannan fasaha, sai dai ƙasa muka sa ta kalla. Tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumba 2003, kowane gurbinsa yana ɗaukar fili mai faɗin mita 32, wato gonar hekta ɗaya a Gagarawa gurbi goma ce kacal a wurinsa. NigeriaSat-2 na Agusta 2011 ya sauko da shi zuwa mita biyu da rabi.

Jinjirin wata

To, mu koma kan hoton WhatsApp. Wata yana kewayowa ya haɗu da rana duk bayan kwana 29 da rabi da 'yan mintoci. A lokacin haɗuwar, in ya bi ta gabanta daidai sai a yi husufi, kamar na hantsin 29 ga Maris 2006, lokacin da Gusau da Katsina da Maraɗi suka yi duhu, mu nan ma mafi yawan ranar ya rufe. Amma galibi yakan goce ta arewa ko ta kudu da ita da 'yan digiri, domin hanyarsa a karkace take da kamar digiri 5. Wannan gocewar ta sa ko a daƙiƙar haɗuwa akan sami ɗan siririn gefensa da rana ke haskawa.

Ido ba ya ganinsa. Tun a shekarun 1930 masanin Faransa André Danjon ya lura cewa in tazarar wata da rana ba ta kai kamar digiri 7 ba, jinjiri ba ya ganuwa. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido tsirara ya kai awa 15 da rabi bayan haɗuwa. Da taimakon babban tabaron hangen nesa kuwa, awa 11 da minti 40, a Iran, a 2002. Amma ran 8 ga Yuli 2013, Bafaranshe Thierry Legault ya ɗauki hoton jinjirin a daidai mintin haɗuwar, ƙarfe 8:14 na safe agogon Najeriya, tazararsa da rana digiri 4.4 kacal. Haɗuwar da ta gabaci Ramadan na 1434 ke nan.

Yaya ake yi? Duk abin da na faɗa a baya ake haɗawa. A kare bakin na'ura daga hasken rana. A sa matacin infared, domin shuɗin sama ya fi rauni a wannan hasken. A ɗauki ɗaruruwan hotuna gajeru a haɗa, har tangal-tangal ya sauka ƙasa ƙwarai. A wanke. Daga nan a ɗebe hasken sararin sama gaba ɗaya, a bar ɗan rarar da ta saura. A ce sama ta ba da 50,000, inda jinjiri yake kuma 50,100. Ido ba zai taɓa ganin wannan bambanci ba. Kwamfuta kuwa sai ta ce 50,000 ya zama baƙi, 50,100 ya zama fari. Sai ga jinjiri. A nan dole in ja kunnen ƙannena ɗalibai: kada wanda ya gwada juya na'urar hangen nesa kusa da rana. Kuskuren daƙiƙa ɗaya yana ƙona ido, makantar kuma ba ta da magani.

Saboda haka wanda ya ce ƙarya ce bai yi daidai ba, watan yana nan inda hoton ya nuna. Wanda ya ce an ga wata shi ma ya zarce, domin babu idon da ya gan shi, kuma mutumin da ke tsaye kusa da na'urar da zai ɗaga kai ba abin da zai gani. Ko irin wannan hoto yana tabbatar da kamawar wata a shari'a, wannan fagen malaman fiƙihu ne, sun kuma yi saɓani a kai, ga su nan zaune, ba zan yi musu shisshigi ba. Abin da nake roƙo kawai, in za a yi fatawa a yi ta bisa sanin yadda aka samu hoton.

Inda nake ganin kyamara za ta yi mana amfanin da babu gardama a kansa shi ne tantance shaida. Mazhabarmu ta Malikiyya ba ta taɓa ɗaukar shaidar ganin wata a matsayin abin da ba a bincika ba: a Muhtasar na Halil an nuna cewa in adilai biyu suka shaida, aka cika talatin, sama garau, ba a ga sabon wata ba, to shaidarsu ta faɗi. Mai gaskiya ma yana iya kuskure. Zara na nan, ga jirgin sama da hasken yamma ya doka, ga siririn gajimare, ga ɗokin mai azumi. Da a ce a gefen masu duba akwai na'ura da ke nuna daidai inda wata yake, tana ɗaukar hoto mai ɗauke da lokaci da wuri, da hakimi ya sami abin da zai gwada maganar mai shaida da shi. In lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa, babu kyamarar da za ta kamo shi bayan magariba, balle ido.

Shi kansa hoton a riƙa tuhumarsa. A tambayi wanda ya ɗauka, da wurin, da lokacin, da ɗanyen fayil ɗin. A duba siffarsa: gefen da ke da haske kullum rana yake fuskanta, don haka bayan faɗuwar rana cikin jinjiri na ƙasa, ƙahoninsa na sama, ko da ya ɗan karkata. Hoton waya kuwa a yi hattara da shi ƙwarai. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka nuna cewa waɗansu wayoyi, da zarar sun gane wata ake ɗauka, sukan ƙawata shi da zanen da manhajarsu ta koya tun a masana'anta.

Samanmu

Masarautar nan tana kan digiri 12 da rabi zuwa 13 arewa da tsakiyar duniya. Wannan matsayi ne mai kyau: a cikin shekara kusan duk taurarin arewa da mafi yawan na kudu suna bi ta samanmu, abin da mutumin Ingila ba ya samu. Ga fili shimfiɗe ba dutse, ga ƙauyukan da ke tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari inda dare ke yin duhu na gaske, duhun da mutanen Turai ke biyan kuɗin jirgi su je nema. Ba kuma baƙi ba ne mu a wannan ilmi. Har yanzu akwai dattawan da ke lissafa damina da taurari, su ce maka an shiga Nasara ko Ɗarfa ko Jabha, kowanne kwana goma sha uku in ban da ɗaya. Kuma ƙasar Hausa ce ta fitar da Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1741.

Matsalolin ma kada a ɓoye su. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana shanye hasken taurari, musamman na ƙasa-ƙasa. Damina gajimare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da kuma daren da ruwa ya wanke sama. Sannan duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka sai an ɗora na'ura a kan ƙafa mai inji da ke bin taurari, in ba haka ba cikin 'yan daƙiƙu su zama layuka. Ƙafar nan da tauraron arewa ake saita ta, shi kuwa a Gumel digiri 12 da rabi kawai ya ɗaga, daidai inda hazo ya fi kauri. Sauƙin da aka samu shi ne ƙananan na'urori na zamani, irin Seestar mai baki santimita 5 da ta fito a 2023, suna ɗaukar hoton sama su gane inda suke kallo da kansu, su yi ta haɗa gajerun hotuna suna turowa waya. Ina ganin Kwalejin Ilimi ta Gumel ce ta fi cancanta ta fara mallakar irin wannan, tunda ita ke yaye malaman da za su shiga azuzuwan ƙananan hukumomi huɗu na masarautar nan.

Kafin a samu kuɗin saye ma akwai abin yi. Wani shiri mai suna IASC, wanda aka kafa a jami'ar Hardin-Simmons ta Texas a 2006, yana raba wa ƙungiyoyin ɗalibai na ƙasashe daban-daban ainihin hotunan da kyamarar Pan-STARRS ta Hawai ta ɗauka, kyauta. Ana ba ku hotuna na wuri ɗaya da aka ɗauka a lokuta mabambanta, ku sa su a manhajar Astrometrica, ku nemi ɗigon da ya gusa alhali sauran suna tsaye. In ya cika sharuɗɗa, dutse ne mai yawo a sararin samaniya, sai ku auna matsayinsa ku aika rahoto. Abin da ake bukata kwamfuta mai Windows, da intanet na sauke hotunan, da malami ɗaya mai haƙuri. Malaman da ke son kafa ƙungiya a makarantunsu su tsaya bayan an tashi, mu zauna in nuna musu yadda ake rajista.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, na ga an miƙo mini takardar lokaci.  Bismillah, masu tambaya.